Tambayar Farfesa: Me Ka Bari?

Gargaɗi ga duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, musamman yara. An ce mini za a buga jawabin nan a raba, to ga sharaɗina: ka karanta shi har ƙarshe, ko ka ajiye shi tun yanzu. Kada ka karanta rabi ka tafi gida ka ce wa uwarka wani babban farfesa ya halatta rage aiki. Bai halatta ba. Na san shi, ƙofar gidana tana kallon ƙofar gidansa. Duk yaron da ya kafa hujja da maganata ya bar kwanuka a jiƙe, uwarsa ta kawo mini shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaban Jami'a, Allah ya ƙara lafiya. Shugaban Tsangayar Kimiyya, Shugabar Sashen Kemistiri da sauran malamai abokan aikin marigayi. Malam Liman na masallacin layinmu. Yaya, matar marigayi, wadda na ɗauka yayata tun ranar da muka tare a layin. Injiniya da Likita, 'ya'yansa, da jikokinsa da nake gani suna mutsu-mutsu a kujerun gaba. Ɗalibansa na da da na yanzu. Sai iyayen ɗalibai da maƙwabta, waɗanda suka ce ni zan yi magana da bakinsu. Ina gaishe ku duka.

Na tambayi masu shirya taron me ya sa ni, ga masu digiri cike da zauren nan, ni kuwa sakandare na gama na kama keken ɗinki. Suka ce ni kaɗai ce na taɓa shiga ofishinsa na yi masa faɗa na fito lafiya. To zan zo kan wannan. Yaya kuma ta ja mini kunne tun a mota, ta ce kada in sa ta kuka, ta yi mai isarta. Na amsa mata. Mutumin nan ya rayu, ya tsufa, ya ga jikokinsa suna karatu. Yau godiya muka zo yi.

Ya kasance maƙwabcinmu tun manyan 'ya'yana suna firamare. Ya kasance mai fara gaisuwa, ko da yaro ne ya haɗu da shi a bakin famfo. Ya kasance mutumin da duniyar masana ta sani da auna abin da ido ba ya gani, amma mu 'yan layi mun san shi da abu guda da ya gagare shi aunawa, wato ginshiƙin ƙofar garejinsa. Ba motar da ya taɓa saya da ba ta gaisa da ginshiƙin nan ba. Mukan ji ƙarar daga cikin gida, maigidana ya ce, "Farfesa ya dawo." Da abin ya ishi Yaya ta ce masa, "Malam, ka bar motar nan a waje ta huta, ginshiƙin ma ya huta." Ya bar ta a waje. Garejin ya zama fanko, sai ya zuba benci a ciki ya rataya allo.

Ya kasance kowace Asabar yana koyar da yaran sakandare na unguwa lissafi da kemistiri a garejin nan, bai taɓa karɓar komai a hannun kowa ba. A cikinku akwai likitoci da malamai da masu haɗa magani da suka fara a kan bencin nan, kun san kanku, ina ganin wasu suna sunkuyar da kai. Ya kasance idan ya rubuta tsarin lissafi na kwamfuta, wanda ya ci masa shekaru, sai ya sake shi ga duk mai so, na kusa da na nesa. Abokan aikinsa sun faɗa mana haka ɗazu, ba sai na maimaita abin da suka fi ni sani ba.

Ya kasance kuma mai tambaya ɗaya da ta bi shi har ta zama sunansa. Ɗalibi zai kawo masa sakamako yana murna, shi kuwa ba zai ma kalli lambar ba, sai ya ɗaga gilashinsa ya ce, "Me ka bari?" Ɗalibai suka sa masa Baba Me-Ka-Bari. Suna tsammanin bai sani ba. Ya sani, Yaya ce shaida, har cewa yake sunan ya fi Farfesa daɗin ji.

Yanzu ga yadda aka yi na yi masa faɗa.

Ni a gidana doka ɗaya ce tun farko: ba a rabin aiki. Mai shara zai ɗaga kujera. Mai wanki zai juya aljihu. Ni kaina kayan makaranta nake ɗinkawa, kuma ɗinkin ciki da ba wanda zai gani sai na gyara bakinsa. A kan haka na raini 'ya'yana, kuma ba wadda ta riƙe dokar nan kamar autata, wadda kowa ke kira Auta. Daga bencin gareji ta fara, ta bi shi har jami'a, har ta kai ga digirin dakta a hannunsa. Aikin da ya ba ta shi ne ta gano ta hanyar lissafi ko wani irin rini zai kama zare ko zai zuba. Da ta gaya mini na ce, yau kin zo da karatun da uwarki ta gane.

Wata ranar Laraba da rana tsaka ina kan keke, sai ga Auta ta shigo da jakar littattafanta duka ta dire a tsakiyar falo.

Ta ce, "Mama, na bari."

Na ce, "Kin bar me?"

"Karatun. Jami'a ta ce wannan zangon ne na ƙarshe, in ban miƙa aiki ba za a cire sunana. Lissafina kuma ba zai ƙare ba ko jikokina sun yi furfura. Baba Me-Ka-Bari ya ce in rage. Ke kuma kin ce ba a rabin aiki a gidan nan. To na rasa wanda zan saɓa wa, gara in zauna in taya ki sa maɓalli."

Na ɗauki mayafina. Da na so, tsallaka titi kawai zan yi in jira shi a gida, amma ban so in ɗaga masa murya a gaban Yaya. Na shiga mota na tafi jami'a.

Waɗanda suka san ofishin nan sun san ba a samun wurin zama sai an sauke littattafai daga kujera. Ga allo cike da rubutu har gefe, ga waɗansu ƙwallaye masu launi da aka sossoke da tsinke a kan tebur, ga butar shayi a kan taga. Na tsaya a tsaye na ce, "Farfesa, na ba ka yarinya mai gaskiya, kai kuma kana koya mata ha'inci?"

Ya kalle ni ta saman gilashi, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Maman Auta, na daɗe ina jiran zuwanki. Zauna. Sukari nawa?"

Na ce ba shayi ya kawo ni ba. Ya zuba duk da haka.

Abin da ya bayyana mini ranar zan faɗa muku yadda na riƙe shi, malaman da ke nan su yi mini afuwa in na karkace. Ya ce kowane abu, rini ne ko zare ko ruwa, cike yake da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira elektiron. Ba sa son juna, kowane yana kauce wa ɗan'uwansa. Lissafi mai sauƙi yana ɗaukar kowane elektiron kamar mutum a cikin taro wanda ya san dai akwai cunkoso amma bai ga fuskar kowa ba. Wannan lissafin yana kamo kusan duk ƙarfin da ke cikin abu. Ɗan abin da ya rage, wato na kaucewar da suke yi wa juna ɗaya bayan ɗaya, bai fi kashi ɗaya cikin ɗari ba. Amma ya ce sau da yawa a cikin wannan ɗan kashin ake gane ko abu biyu za su kama juna ko za su rabu. Matsalar kuwa, in kana son sa cikakke sai ka bi su biyu-biyu, har uku-uku, kuma in ƙwayar abin da kake lissafawa ta ninka girma sau biyu, aikin yakan ninka fiye da sau ɗari.

Na ce, "To sai a yi haƙuri a yi. Wahala ba ta kisa."

Ya ce, "Taso ki gani."

Ya kai ni ɗakin da ke gefe, inda babbar kwamfutar sashe take. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin firji, sai ƙugi da 'yan fitilu suna ƙyaftawa. Ya nuna mini allon da ke nuna ayyukan ɗalibai a jere suna jiran layi. A can sama aikin Auta ne, ya cinye wuri ya zauna daram, kamar babbar mota ta mutu a tsakiyar gada. Duk na ƙasa na 'ya'yan mutane ne, su ma da nasu zangon a kansu.

Ya ce, "Na ce mata ta bi gajeriyar hanya, ta ce to, Baba. Ta juya ta sa cikakken. Na tambaye ta dalili, ta ce Mama."

Nan na ji kunya, domin ban da rabin aiki, na kuma hana 'ya'yana tare wa mutane hanya.

Muka koma ofis. Ya ce, "Maman Auta, lokacin da yaranki suke ƙanana, su wa suka fi faɗa?"

Na ce, "Masu kwana gado ɗaya. Wannan ya ja bargo, wancan ya kai gwiwar hannu."

"Na ɗakin maza da na ɗakin mata fa?"

"Su sai tsokana daga nesa."

"Kina tashi ki je kan kowace tsokana?"

Na ce, "Da ban ɗinka ko riga ɗaya ba. Na gado ɗaya nake tashi in raba. Sauran daga kan keke nake kasa kunne."

Ya ce, "To aikin da na yi rayuwata a kai ke nan. Elektiron da suke kusa da juna, mu tsaya a kansu mu yi musu lissafi sosai. Na nesa da juna, mu kasa musu kunne daga kan keke, mu yi musu ƙiyasi mai sauƙi. Aikin da zai ci shekaru sai ya dawo na kwanaki."

Na ce, "Ni na haifi yarana, na san muryar kowa. Kai ta ina ka san abin da ka rage bai cuce ka ba?"

Ya ce ba ya yarda da kansa, gwadawa yake. Sai ya ɗauki ƙananan abubuwa waɗanda cikakken lissafinsu zai yiwu, ya yi musu hanya biyun, ya ga tazarar da ke tsakani. Sannan ya yi ta matse iyakar da ya sa tsakanin na kusa da na nesa, har sai amsar ta daina motsi. Sannan ya rubuta a fili: ga abin da na bari, ga kuma iya girmansa. Ya ce, "Rabin aiki shi ne mutum ya bari ya yi shiru. Mu muna bari, mu auna, mu faɗa."

Na shanye shayin, ya riga ya huce. Na ce masa ban gamsu duka ba, amma gobe Auta za ta dawo. Da na isa gida na ce wa Auta, "Kwashe jakar nan daga falona. Ki je ki sauke motarki daga kan gada, ki ba 'yan'uwanki haƙuri, ki yi abin da malaminki ya ce."

Yara, ku saurara da kyau a nan, domin a nan ne masu karanta rabi za su ɓata.

Auta ta koma, ta ɗanɗana gajeriyar hanya, ta ji daɗinta. Sai ta zarce. Ta ce tunda na nesa ƙanana ne, me zai sa ta ɓata lokaci ko da ƙiyasinsu, ta zubar da su gaba ɗaya. Amsa ta fito da wuri, ta ce rinin ba zai kama zare ba. Ta ruga ofishinsa da takarda tana washe baki. Ita ta ba ni labarin da bakinta, kuma tana nan zaune, in na ƙara gishiri ta tashi ta ce.

Ya ɗaga gilashi. "Me kika bari?"

"Na nesa, Baba."

"Nawa ne?"

"Ai ƙanana ne."

"Ban tambaye ki ƙanana ne ko manya ba. Nawa ne?"

Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko wani ƙyalle da aka rina da wannan rinin, ya tsoma a kofin ruwa, ya ce ta zauna ta kalla. Suka zauna. Ruwa ya ƙi canza launi. Ya ce, "Ƙyallen nan bai karanta lissafinki ba." Ashe na nesan nan, kowane ɗaya ba komai ba ne, amma yawansu ya wuce misali, kuma in an tara su suna cikin abin da ke riƙe rinin a jikin zare.

Ta dawo gida tana kumbure-kumbure, wai Baba ya kunyata ta da kofin ruwa. Na ce, "Ya yi mini daidai. Da ni ce, wanke ƙyallen zan sa ki yi." Ta koma ta mayar da na nesa ta hanyar ƙiyasi, ta gwada a kan ƙanana, ta matse iyaka har amsa ta tsaya cak. Lissafi ya ce rini zai kama, ƙyalle ma ya ce haka.

Ranar da za ta kare aikinta ina zaune a baranda a bakin ƙofa, an bar taga a buɗe. Baƙon malamin da aka gayyato ya yi mata jarrabawa ya gyara murya ya ce, "Wannan hanya taki ai ƙiyasi ce. Ko za ki iya gaya mana..." Bai rufe baki ba Auta ta ce, "Ga abin da na bari, ga girmansa, ga inda na gwada." Na leƙa ta taga. Farfesa yana can kujerar baya ya toshe baki da hula, kafaɗunsa suna rawa. Ta fito da digirinta a cikin zangon. Yau ita ke koyarwa a sashen nan, kuma na ji ɗalibanta sun fara sa mata suna, ban dai tambaya ba.

Ya kasance haka har ƙarshe. A ciwonsa na ajali, wata ranar da la'asar, muka tsallaka ni da Auta muka same shi a kujerarsa ta falo, Yaya tana gefe tana yanka masa lemo. Jiki ya yi rauni amma ido na nan. Ana cikin hira sai yarinyar nan ta dube shi ta ce, "Baba, kai me ka bari?"

Na zabga mata harara. Na ce, "Ke, haka ake yi wa mara lafiya magana?"

Ya ɗaga hannu yana dariya. Ya ce, "Ƙyale ta, Maman Auta. Shekara da shekaru ina tambaya, sai yau aka rama." Ya gyara zama ya amsa mata tiryan-tiryan. Ya ce ya bar ɗalibai biyu da ba su gama ba, ɗaya saura kaɗan, ɗayan yana buƙatar a zauna da shi sosai. Ya ce hanyarsa tana aiki a kan irin su rini da zare, amma a kan wasu abubuwa masu ƙarfe a ciki tana tangaɗi, kuma bai gano bakin zaren ba. Ya ce, "Wannan babba ne, kada ku ce ƙarami ne don kuna so na." Sai ya juya wajen Yaya ya ce, "Na kuma bar ginshiƙi ban gyara ba."

Yaya ta ce, "Wannan kam an auna girmansa, duk layi sun sani."

Muka yi ta dariya har Likita ta leƙo daga kicin ta ga ko lafiya. Ban taɓa ganin mutum ya faɗi abin da bai gama ba da fuska a sake kamar haka ba. Auta ta karɓi ɗaliban nan biyu, ga su can a layi na uku. Aikin ƙarfen kuma yana jiran mai rabo a cikinku.

Yaya, kin riƙe mana mutumin nan da kyau. Duk yaron da ya zauna a garejin nan ruwan gidanki ya sha, kuma ke kika share bayansa. Ba mu manta ba. Ƙofata tana kallon taki, kada ki ji nauyin ƙwanƙwasawa.

Injiniya, Likita, mahaifinku bai bar muku abin kunya ba. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada nisan wurin aiki ya sa ku zubar da zumunci don kuna ganin kiran waya ƙaramin abu ne. Injiniya, ginshiƙin nan kuma shawarar 'yan layi ita ce a bar shi yadda yake.

Ɗalibansa, ku kuka gaji tambayar. Kada ku yi ta ga na ƙasa da ku kawai, ku fara da kanku.

A madadin iyaye da maƙwabta, muna gode wa jami'a da ta buɗe mana wannan zaure, da sashen da ya shirya taron, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Allah ya jiƙan Farfesa, ya yafe masa abin da ya bari da wanda ya sani da wanda bai sani ba, ya sa ilimin da ya shuka ya riƙa isa gare shi, ya haskaka makwancinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya mayar da kowa gidansa lafiya, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Saura magana ɗaya, ta gidana ce, kuma jikokina da ke nan su buɗe kunne. Tsohuwar doka tana nan, ban soke ta ba, mai shara zai ci gaba da ɗaga kujera. Ƙari na yi mata. Daga yau a gidana, duk wanda aiki ya fi ƙarfinsa an yarda ya bar wani abu. Amma kafin ya wanke hannu ya zauna cin abinci, zai zo gabana da ƙafarsa ya gaya mini abin da ya bari, ya gaya mini girmansa. Wanda ya ce mini "ai kaɗan ne" bai auna ba, zai koma ya ɗauki tsintsiya.